Yadda ake gwada ƙaramin jirgin ruwa mai inji na mutum ɗaya

Jirgin na mutum ɗaya ne, amma gwada shi aikin mutum uku ne: kai da za ka shiga, wanda zai riƙe igiya a gaɓa, da masunci ko ɗan fito da zai tsaya kusa cikin kwale-kwalensa, filafili a hannu. Ƙaramin jirgi ba ya yafiya. Babban jirgin fito ko a jikinsa idan fasinja ɗaya ya gusa gefe, wannan kuwa sau da yawa ka fi shi nauyi. In ka karkata ya karkata, in ka ja baya don tayar da inji hancinsa ya ɗaga sama, kuma babu kowa a gaba da zai danne maka shi.

Bayanin nan ya shafi jirgi mai tsawon ƙafa 9 zuwa 13, na katako ne, ko na ƙarfen da mai walda ya haɗa, ko na faiba. Inji kuma iri biyu ne: ɗan ƙaramin da ake ratayawa a allon bayan jirgi, mai ƙarfin doki 2 zuwa 3.5, da injin ban-ruwa irin na 'yan noman rani da ake cire wa famfo a haɗa masa doguwar sanda mai farfela a ƙarshe.

Injin ya dace da jirgin?

Wannan a tudu ake yanke shi, da tef a hannu. Hukumar tsaron ruwa ta Amurka tana da lissafi mai sauƙi da kowane kafinta zai iya: auna tsawon jirgi da ƙafa, auna faɗin allon baya da ƙafa, ka ninka su. In amsar ba ta wuce 35 ba, iyakarsa doki 3. Daga 36 zuwa 39, doki 5. Daga 40 zuwa 42, doki 7.5. In ƙasan jirgin shafe yake kamar faranti, a sauko mataki ɗaya. Jirgi mai ƙafa 10 da allon baya ƙafa 3 ya ba da 30, doki 3 ke nan.

A nan ne injin ban-ruwa ke da abin dubawa. Irin su Honda GX160 da GX200 da 'yan kwaikwayonsu da suka cika kasuwa, waɗanda ake rubuta wa 5.5 ko 6.5 a jiki, nauyinsu kilo 15 zuwa 16 ne tsurarsu. In an haɗa sanda da mazauni, ana maganar wajen kilo 25 ko fiye, kuma nauyin a sama yake zaune, ba a ƙasa ba. A ruwa marar zurfi mai ciyawa, kamar fadamun Hadeja da kacala ta cinye, ba shi da na biyu, domin ana ɗaga farfelarsa a tsallake ciyawa. Amma ga jirgin da bai kai ƙafa 12 ba, ko wanda faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, ra'ayinmu a haƙura da shi. Ɗan injin ratayawa kilo 10 zuwa 17 ne kawai.

Ga injin ratayawa, tsayin allon baya ma sai ya yi daidai da ƙafar injin. Mai gajeriyar ƙafa yana son allo mai inci 15, mai doguwa inci 20. Sama da farfela akwai wani ɗan faranti a kwance. Idan an rataya inji, farantin nan ya daidaita da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci ɗaya ba. Ɗora miƙaƙƙen katako a ƙasan jirgin ya leƙo ta baya, nan take za ka gani. In farantin ya hau sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska. In ya nutse da yawa, jan ruwa zai ci ƙarfin injin, kuma duk kututturen da ke ƙasa sai ya gaisa da shi. Kaurin allon ya kai inci ɗaya da rabi, da tokara a kusurwowi biyu.

Wuri da lokaci

Nemi wuri mai yashi wanda zurfinsa ke ƙaruwa sannu a hankali, inda mutum zai yi taku 20 cikin ruwa bai wuce ƙirjinsa ba. Lungun dam ya fi kogi, saboda ruwansa a tsaye yake. A manyan madatsu irin Tiga da aka kammala a 1974 da Challawa ta Karaye da aka kammala a 1992, ko ƙanana irin Watari a Bagwai, Thomas wajen Dambatta da Warwade kusa da Dutse, a nisanci bangon dam da wurin da ake sakin ruwa, a kuma nemi izinin ma'aikatan da ke kula da wurin. Kogin Hadeja, daga Wudil har Ringim da Hadeja, ba wurin gwaji ba ne a watan Agusta da Satumba, sai ruwa ya ja.

Kafin komai a je a gai da sarkin ruwa. Ba don al'ada kaɗai ba. Shi da yaransa suka san inda aka shimfiɗa taru da mamari, da inda itatuwan da dam ya cinye suka bar kututture. Tambayar gajeriya ce: "Ranka ya daɗe, ina ne babu kayan kowa a ruwa, kuma ina ne ƙasa ke da itace?" In ka yanke tarun mutum da farfela, gwaji ya koma shari'a a ƙofar mai unguwa.

Lokaci mafi kyau daga fitowar rana zuwa hantsi, kafin iska ta tashi. Da hunturu iskar kan yi ƙarfi in rana ta ɗaga, ga hazo mai ɓatar da gaɓa. Da bazara da farkon damina a riƙa duban gabas, ta can hadari ke tasowa, kuma iskarsa tana riga ruwan isowa. Gwajin yamma a bar shi, domin in inji ya mutu duhu ne zai tarar da kai, ga shi hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya.

Jirgin tukuna, ba tare da inji ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon jirgin katako a jefa shi ruwa ya kwana biyu ko uku a ɗaure, katakon ya sha ya kumbura, tsagogin su matse. Yoyon ranar farko ba abin tsoro ba ne. Bayan nan a kwashe ruwan tas, a goge da tsumma, a bar shi awa ɗaya. Duk inda ruwa ya tsattsafo a zagaye shi da alli, a fitar da jirgin ya bushe, a cusa auduga ko zaren buhu a tsagar da bakin kurfi, a bi da narkakkiyar kwalta. Na ƙarfe akasin haka ake yi: a ɗora shi kan duwatsu a tudu, a zuba masa ruwa kamar rabin taƙi, a leƙa ƙasa a ga inda walda ke ɗiga. Kada a cika shi, nauyin ruwan zai lanƙwasa ƙasan.

Sai gwajin lodi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 ita ce ma'auninka. A ruwa iya gwiwa, sa jarka uku cike a inda za ka zauna, madadin mutum mai kilo 75. Sa ɗaya jingine da allon baya madadin inji da mai. Ƙara biyu madadin kayan da za ka riƙa ɗauka, kifi ne ko buhun taki. Yanzu auna daga fuskar ruwa zuwa leɓen jirgi a gaba, a tsakiya, da kan allon baya. Inda ya fi ƙasa kada ya gaza taƙi ɗaya, wato kamar santimita 20. Shafa fenti a jikin jirgin daidai inda ruwa ya tsaya. Wannan layin shi ne iyakar lodinsa har abada, kowa ya roƙa a ɗan rage masa hanya a nuna masa shi. Jirgin da ya kife a Watari a ƙarshen Nuwamba 2021, inda aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, lodin da ya wuce ƙima aka ɗora wa laifin.

Jirgi mai shafaffen ƙasa, tsawon mita 3 da faɗin mita 1, kan nutse kamar santimita ɗaya a duk kilo 25. Siririn kwale-kwale ya fi haka saurin nutsewa, kuma ya fi saurin juyawa.

Akwai gwajin da mutane ke tsallakewa saboda yana kama da wasa, alhali shi ne mai ceton rai. Ɗaure jarkoki wofi masu murfi mai kyau a cikin jirgin, biyu a gaba biyu a baya, da igiyar da ta ratsa jikin jirgin, ba a cusa su ƙarƙashin benci kawai ba. Kai shi ruwa iya ƙugu, sa dutse mai nauyin injinka a baya, ka cika jirgin da ruwa da gangan. Abin da ake so ya tsaya a kwance, leɓensa a waje, yadda za a iya kwashe ruwan. Kowace jarka wofi tana ɗaga kusan kilo 24. Jirgin ƙarfe mai kilo 60 da inji mai kilo 15 suna bukatar uku aƙalla, huɗu ne kwanciyar hankali. In bayan ya nutse hanci ya miƙe sama, a mayar da jarka ɗaya baya. Na katako yakan yi iyo da kansa, amma nauyin inji na jan gindinsa ƙasa, shi ma a sa masa biyu a baya.

Wannan aikin na sa mutum ya daɗe tsaye a ruwan gefe mai ciyawa, inda dodon koɗi mai yaɗa tsargiya ke zama. Mai takalmin roba dogo ya sa, a kuma taƙaita zaman.

Inji a cikin ganga

Kada ranar gwaji ta zama ranar da injin ya fara tashi. Rataya shi a katako, ƙafarsa cikin ganga mai ruwa, ruwan ya rufe farantin nan da ke saman farfela. Yawancin injunan ratayawa ruwa ne ke sanyaya su, kuma 'yar robar da ke jan ruwan tana ƙonewa cikin daƙiƙoƙi in an tayar da inji a bushe. Ko na "bari mu ji ƙararsa" kada a yi.

In mai shan gauraye ne, irin ƙaramin janaretan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ma'aunin da aka fi amfani da shi 50 ga 1 ne: mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur, 100 a lita 5. Sabon inji ana ninka masa a awa 10 na farko, 25 ga 1, wato mililita 200 a lita 5. Wasu injunan ma'auninsu daban ne, abin da ke rubuce a murfi ko takardarsa shi ne gaba. A nemi mai da aka rubuta wa TC-W3, shi aka yi don injin ruwa. A auna da sirinji ko murfi mai lamba, ba da ido ba. A fara zuba lita ɗaya ta fetur a jarka, a zuba man, a girgiza, sannan a cika. In mai ya yi kaɗan fistin zai kama, in ya yi yawa fulogi zai toshe ga hayaƙi.

Injin ban-ruwa ba a gauraya masa komai. Baƙin mansa a cikinsa yake, kamar lita 0.6, ana duba shi injin na zaune daidai, a canza na farko bayan awa 20. Tazarar bakin fuloginsa milimita 0.7 zuwa 0.8. Ba ya son a karkata shi fiye da digiri 20 yana aiki, kuma masu na'urar gane ƙarancin mai sukan mutu da kansu in an ɗaga sanda da yawa, mutum ya yi ta neman laifi a kafireto.

Fetur ɗin 'yan bumburutu a tsiyaya kaɗan a farar kwalba a ajiye minti biyar. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallo. A tace da kyalle mai tsabta.

Duba man giya na ƙafar injin ratayawa. Kwance sukurun ƙasa kaɗan, ka tari ɗigo a yatsa. In ya yi fari kamar kunu, ruwa na shiga, sai an canza robar da ke tare shi. Ana cika shi da man giya mai lamba SAE 90 ta ramin ƙasa har ya fito ta na sama, a ɗaure na sama tukuna sannan na ƙasa.

Tayarwa: sassauta ɗan sukurun iska da ke kan murfin tanki, buɗe makunnin mai, ja cok, sa totur a alamar tayarwa. Ja igiya a hankali har ka ji ta kama, sannan ka fizga da tsayin hannu, ka mayar da ita da hannunka, kada ka sake ta ta koma da ƙarfi. Da ya tashi mayar da cok. Cikin ɗan lokaci ruwa zai fara tsartuwa ta wani ɗan rami a bayan injin, kamar fitsari. In bai fito ba, kashe. Yawanci zanzaro ne ya yi gini a ramin ko laka ta toshe shi, siririyar waya ta isa. In an zura waya bai zo ba, robar ce. Bar shi ya yi minti 10 a ƙaramar wuta, sannan ka fizge igiyar kashe inji ka tabbatar ya mutu nan take. Injin ban-ruwa ba ya zuwa da wannan igiyar, a sa mai gyaran babur ya haɗa masa makunnin da ke kashewa in an fizge. Ba a shiga ruwa ba tare da ita ba.

Ranar gwaji

Kayan da za su shiga jirgi: rigar kariya a jikinka a ɗaure, filafili, gora ko gwangwala ta tokari, yankakkiyar jarka ta kwasar ruwa ɗaure da zare, usur, wuƙa, fulogi sabo da sifanarsa, filaya, fin ɗin farfela (ɗan ƙarfen da ke riƙe ta a sandarta) guda uku, dutse mai igiya mita 10 na tsayar da jirgi, waya a cikin leda biyu. Babbar riga da doguwar taguwa a bar su a gaɓa. Jiƙaƙƙen yadi nauyi gare shi, kuma sandar injin ban-ruwa tana naɗe duk abin da ya taɓa ta. Iya iyo ba ya maye gurbin rigar kariya, wanda leɓen jirgi ya buga wa kai ba ya iyo.

Rataya injin a tsakiyar allo daidai, auna daga kowane gefe. Ɗaure sukurorin matsewa da hannu iya ƙarfi, ka kuma ɗaure injin da igiya ta daban a jikin jirgi. Girgiza na kwance sukurori, don haka a sake matse su bayan minti 15 na farko. Injuna da yawa suna kwance a ƙasan dam saboda wannan.

Yanzu zama, wanda shi ne rabin gwajin. Hannun injin gajere ne, yana tilasta maka zama can baya, nauyinka da na inji su taru wuri ɗaya. Maganinsa fayif ɗin roba mai kauri, santimita 60 zuwa 80, a zura a hannun injin a matse da kilif, ka koma kusa da tsakiya. Mazauninka ya yi ƙasa, kada ya wuce taƙi ɗaya daga daɓen jirgi. In har yanzu hanci na sama, sa jarkar ruwa ɗaya can gaba ka ɗaure ta kada ta gangaro. Mai riƙe igiya ya tsuguna a gefe ya duba: jirgin ya kwanta daidai, ko hancin ya ɗan fi baya tsayi kaɗan.

Shiga ta tsakiya, hannu biyu a leɓe biyu, ƙafa a tsakiyar daɓe, a duƙe. Kafin a taɓa inji, yi zagaye ɗaya da filafili, ka karkata dama da hagu a ruwa iya ƙugu har ka ji inda jirgin ke fara ba da kai. Gara ka san wannan iyakar a nan.

Sai a ɗaura igiya mai mita 25 zuwa 30 a hanci, ɗaya bakin a hannun na gaɓa. Juya hancin jirgi ya kalli fili. Wannan na da muhimmanci, domin ƙananan injuna da yawa, har da na ban-ruwa, ba su da giyar tsayawa: yana tashi farfela na juyawa, jirgi na tafiya. Ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannu ko a rigar kariya. Ja inji a zaune ko a durƙushe, ba a tsaye ba. Mai injin ban-ruwa ya tayar da farfela a sama da ruwa, bayan ya tabbatar babu kowa a baya, sannan ya sauke ta a hankali.

Yi minti 10 kana kai da kawowa iya tsawon igiya a ƙaramar wuta. Abu uku ake dubawa: ruwan sanyaya inji na fita, allon baya ba ya lanƙwasa ko buɗe baki a kusurwa, kuma ruwa ba ya tsattsafowa a inda girgiza ta taɓa. Na gaɓa ya kula kada igiyar ta yi sako-sako ta shiga farfela.

Bayan an kwance igiya

Bi gefen gaɓa, kada ka nufi tsakiya. Tuƙin hannun inji a juye yake: ka tura shi hagu jirgi ya yi dama. Kowa sai ya rikice a karon farko, musamman wanda ya saba da babur, shi ya sa ake koyo a ƙaramar wuta. Kuma gindin jirgi ne ke zamewa gefe in ana kwana, ba hanci ba, a bar masa fili kusa da wani jirgi ko dutse.

Yi da'ira babba ta dama, sannan ta hagu, sannan ka haɗa su kamar lamba 8, kana matse su kaɗan-kaɗan. In inji ya yi kururuwa a kwana jirgi bai ƙara gudu ba, farfela ta shaƙi iska: rage wuta, in yana yawan yi injin ya hau sama da yawa. Ƙara wuta zuwa rabi. In hanci ya ɗaga har ba ka ganin gabanka, kashe, ka matsar da fin ɗin jingina injin zuwa ramin da ya fi kusa da allo. In kuma hanci na huɗar ruwa yana watso maka, mayar da shi rami ɗaya waje ko ka rage jarkar gaba.

Sabon inji mai gauraye ba a buɗe masa wuta duka ranar farko. Tsarin da ke cikin takardun Yamaha shi ne minti 10 a ƙaramar wuta, minti 50 kada a wuce rabi, awa 2 wajen kashi uku cikin huɗu, sauran awa 7 kuma kada a riƙe cikakkiyar wuta fiye da minti 5 a jere.

Jirgi ba shi da birki, kuma tsayawa na da tarko. In ka datse wuta farat ɗaya kana gudu, ruwan da ke bin ka a baya zai cim maka ya haura allo ya zubo ciki. A ƙaramin jirgi guga biyu ko uku ke nan a lokaci guda. Rage wuta a hankali, ka waiwaya ka ga yadda taguwar ke zuwa. Gwada sau uku, kana lura da tsawon jirgi nawa yake ci kafin ya tsaya. Injin da ba shi da giyar baya ana juya shi gaba ɗaya ya kalli baya, wannan ma a ƙaramar wuta kawai, don baya da gudu na tura ruwa kan allo.

Don auna gudu, kafa gora biyu a gaɓa tazarar mita 100. Daƙiƙa 60 kilomita 6 ke nan a awa, daƙiƙa 45 kilomita 8. A je a dawo a raba biyu saboda iska. Jirgi mai ƙafa 10 da ɗan inji irin wannan iyakarsa wajen kilomita 8 a awa. Daga nan duk wutar da ka ƙara rami kawai take tona wa gindin jirgi, mai na ƙonewa a banza. Inda ka ji ƙara ta ƙaru gudu bai ƙaru ba, ja baya kaɗan, nan ne wurin tafiyarka. Shan mai kuma, cika tanki, yi tafiyar minti 30, sake cikawa da robar ruwa mai santilita 50, ka ninka abin da ya sha biyu, shansa na awa ɗaya ke nan. Da wannan za ka raba man kowace tafiya uku: na zuwa, na dawowa, da na ajiya.

In wani jirgi ya wuce ya tayar da taguwa, rage wuta ka tare ta da kafaɗar hanci, a karkace. Kada ta same ka a gefe.

In abu ya lalace

Inji ya yi minti biyar ko goma ya mutu, an ja ya tashi ya sake mutuwa: sukurun iska na murfin tanki ne ba a buɗe ba, mai ba ya sauka. Ya ƙi tashi ga warin fetur: ya sha mai da yawa. Mayar da cok, cire fulogi ka goge, ja igiya sau biyar babu fulogi, mayar. Launin bakin fulogi na ba da labari: ruwan ƙasa lafiya lau, baƙi mai danshi mai ya yi yawa ko an manta cok, fari fat zafi ne ko mai ba ya isa. Ana ɗaure fulogi da hannu tukuna, sannan sifana ta ƙara rubu'in juyi zuwa rabi.

Ka ji "ƙwas" a ƙasa, inji na ihu jirgi ba ya tafiya: fin ɗin farfela ya karye, kuma aikinsa ke nan, ya karye don giya ta tsira. Kada a maye shi da ƙusa. Ƙusa ba ta karyewa a lokacin da ya kamata, giya ce za ta biya.

Gudu ya ragu inji na nishi da rawa: kainuwa, bado, leda ko zaren taru sun naɗe farfela. Kashe inji, cire hular fulogi, sannan a taɓa. Amma lura, leƙawa ta bayan ƙaramin jirgi don cire ciyawa na daga abubuwan da suka fi cika shi da ruwa, saboda kai da inji duk kun koma kan allo. In gaɓa na kusa, tuƙa da filafili zuwa inda ƙafa ke taɓa ƙasa, ka sauka ka cire. Zaren kamun kifi kuwa yana shigewa bayan farfela ya yanke robar man giya, don haka a cire farfelar a duba bayan kowace fita.

Ruwan sanyaya inji ya tsaya ko ya koma tururi: kashe nan take, duba ramukan shan ruwa da ke ƙasan ƙafa, leda ce ko laka.

In jirgi ya kife, riƙe shi. Da jarkokinsa ba zai nutse ba, kuma an fi hango jirgi a kan a hango kan mutum. Busa usur, ɗan fiton da ka ajiye ya ja ku zuwa gaɓa.

Injin da ya sha ruwa ba a bari ya kwana. A wanke laka da ruwa mai tsabta, a cire fulogi, a kifa ramin ƙasa a ja igiya a hankali har ruwa ya daina fita. In igiya ta yi tauri ko ana jin ƙarar yashi, a tsaya, sai makaniki ya buɗe. In tana tafiya sumul, a zubar da man tanki da na kafireto ta sukurun ƙasansa, a ɗiga cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi, a ja sau goma, a sa busasshen fulogi da sabon gauraye, a tayar a ganga ya yi rabin awa zafi ya kori sauran danshi. Na ban-ruwa a zubar da baƙin mansa a sa sabo, a tayar minti biyar, a sake zubarwa, har sai man ya daina fitowa fari.